Katin da Dije Nas Ta Bari Babu Suna

Wurno, ranar Alhamis bayan azahar.

Zuwa ga ɗiyata Rukayya, Autar gida.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki da gajiyar hidima da ni, ina gaishe ki da haƙuri. Allah ya tsare ki zaune da tafe, ya kare ki daga sharrin hanya da na mutane, ya sa albarka a hannunki.

Za ki yi mamakin ganin takarda daga mutumin da bango ɗaya ya raba ɗakinsa da naki. Numfashina ba ya kai ni ƙarshen doguwar magana yanzu, kin fi kowa sani. Ban da haka, abin da zan faɗa ba zan iya faɗarsa ina kallon idonki ba. Da alƙalami aka horar da mu, shi na fi iyawa. In kin ga layi ya karkace, hannu ne ke rawa, hankali yana nan.

Shekaranjiya kina tsakar gida kina wanke mini riguna, na ji abin da kika faɗa wa ƙawarki ta waya. Ba laɓe na yi ba, kunnen hagu ne kawai ya mutu. Kin ce takardar aiki ta fito, an tura ki ƙaramin asibitin wani ƙauye gaba da Goronyo, ana son ki kama aiki ranar Litinin. Kin ce za ki rubuta musu ba za ki je ba, don ba ki da wanda za ki bar wa Baba. A kan wannan nake rubuto miki. Ina so ki tafi. Kafin ki ce a'a, ki karanta abin da na aikata a rayuwata, don da shi zan roƙe ki.

Kin san an yi wani yaro kafin yayyenki, wanda ake ce wa Ɗan Inna. Kin san ya rasu yana ƙarami. Ba ki san yadda aka yi ba.

Shi ne ɗanmu na fari. A lokacin ina koyarwa a Sisawa, ina sabon malami, da farar riga da biro biyu a aljihu. Ɗan fari kuwa, a tarbiyyar da aka yi mana, ba naka ba ne a gaban mutane. Ba ka faɗin sunansa, ba ka ɗaukarsa. In ya rarrafo ya nufo ka, sai ka miƙe kamar ka tuna wani aiki. Mahaifiyarki, Allah ya jiƙanta, ta fi ni riƙe wannan kunyar. Sai ta juya baya take ba shi nono, kamar abin da ta sato. Kada ki zaci ba mu son shi. Ina dawowa daga makaranta in tsaya bayan danga ina kallon shi yana wasa da murfin kwano, in na ji motsin mutum in wuce. Wannan shi ne iyakar abin da na yarda wa kaina.

Da lokacin yaye ya yi, aka kai shi Rabah wurin mahaifiyata, Inna, kamar yadda ake yi. Bai yi wata ɗaya ba zawo da amai suka kama shi. Ranar Asabar na hau keke na je gaishe da Inna, na tarar da shi kwance a kan tabarma, idanu sun zurma, maɗiga ta faɗa, an shafe ta da wani ƙulli. Kallo ɗaya na yi masa na kau da kai. Goggonki Asabe, ƙanwata, tana amarya a lokacin, ita ta matsa sai an kai shi ɗakin shan magani. Ta goya shi ta fita. Ni kuma na bi su daga nesa, ina tura keke, kamar hanya ce kawai ta haɗa mu. Da suka shiga, na tsaya gindin wani dogonyaro a waje.

Can sai ga wata mata ta fito, gajera, baƙa, da farin kaya da kati a hannu. Ita ce nas ɗin wurin. Dije Nas ake ce mata. Ta dube ni, ta dubi itacen.

"Malam, itacen na ba shi lahiya, ko yaron? Na ga shi kaka jinya."

Na ce, "Na rako su ne."

"Kai na ubanai?"

"Daga gidanmu yake."

"Kwana nawa shika zawo? Shina fitsari? Shina shan ruwa?"

Ko ɗaya ban sani ba. Ni da nake tsayar da yara a aji in sun kasa amsa tambaya, na tsaya ina murza kan keke.

"To, mi sunanai?"

"Ana ce mai Ɗan Inna."

"Wanga ba suna ba na. Wanda anka raɗa mai nika so."

Na sunkuyar da kai. Ni na zaɓi sunan, ni na faɗa wa liman a kunne ranar suna, amma a gindin itacen nan harshena ya ƙi motsi. Ta jira, ta jira, sannan ta yi tsaki kaɗan. Ta juya bayan katin ta yi rubutu, ta miƙo mini.

Ta ce, "Kai malami na, ka iya karatu. Jikin yaron ga ya bushe. Ga awon gishiri da sukari da ruwa nan na rubuta. A tafasa ruwan, a bari shi huce, a riƙa ba shi da cokali, kaɗan-kaɗan, ba tsayawa. In ya yi amai a dakata kaɗan a ci gaba. Jibi ka maido shi, in ya ƙi sha kada ku jira jibi. Gurbin suna kuwa na bar ma. Kai za ka cika shi da hannunka."

Na ninke katin na sa aljihu. Da muka koma gida, na tsaya bakin ƙofar Inna, ban shiga ba. Na ce, kamar mai magana da bango, "Sun ce a riƙa ba shi ruwa."

Inna ta ɗago kai. "Ruwa? Ruwa ka hita daga jikinai, a ƙara mai ruwa? Zawon haƙori na, na reni bakwai. Kai kuma tun yaushe ka hwara zancen ɗan hwari gabana? Bokon ya cinye ma kunya?"

Matan gidan suka yi dariya, ba da mugunta ba. Katin yana aljihuna, ina jin kaurinsa a ƙirji. Abin da ya rage shi ne in shiga, in zauna, in ce a ɗora ruwa, in karɓi cokali. Ban yi ba. Na yi wa Inna sallama cikin ladabi, na hau keke na koma Sisawa, ina ce wa kaina ai na isar da saƙo.

Ranar Litinin da hantsi ina rubuta lissafi a allo, aka aiko. Ban ga fuskarsa ba, an riga an rufe shi kafin in isa. Da na sa hannu aljihu a wurin zaman makoki don in ɗauko tasbaha, katin na fara taɓawa.

Na san ajali ba ya wuce lokacinsa, ban taɓa jayayya da wannan ba. Amma za a tambaye ni abin da aka ba ni a hannu, ba abin da aka ɓoye mini ba. Inna ta yi abin da ta sani, da ƙauna ta yi. Ni ne na sani na yi shiru.

Don haka, Auta, in kin je can, ki riƙa leƙa waje. Za ki ga wani a gindin itace ko a kan babur, yana danna waya kamar ba ruwansa. Sau da yawa shi ne uban. Ki fita ki same shi. Kada ki kunyata shi gaban mata, don in kin kunyata shi ba zai sake zuwa ba, yaron ma ba za a sake kawo shi ba. Ki ja shi gefe, ki ba shi aikin da zai iya yi ba tare da ya ji ya zubar da girmansa ba.

Shekaru suka wuce, aka mai da ni hedimasta a Magarya. Wata rana aka aiko cewa ma'aikatan lafiya za su zo duba 'yan makaranta. Raina bai so ba, jarrabawa ta matso. Na ce a ba su inuwar bayan aji, su yi abin da za su yi su tafi. Da motar ta tsaya, wadda ta fara sauka Dije Nas ce. Ta ƙara jiki, amma bakin yana nan.

Ta tara yara maza ta ce duk mai ganin jini a ƙarshen fitsari ya ɗaga hannu. Yara suka fashe da dariya, suna ture juna, hannuwa suka tashi birjik, wasu har da alfahari. Ni ma na yi murmushi. Na ce mata, "Malama, wannan ai tsargiya ce. Duk yaron da ya tashi a fadama yana yin ta. Ni ma na yi. Alamar girma ce, tana wucewa."

Sai ta kira wani yaro daga baya, Nuhu, wanda na fi kowa duka a makarantar saboda gyangyaɗi. Kullum kansa a kan benci. Sau nawa na sa shi ya yi ta tsallen kwaɗo a rana. Ta durƙusa har kanta ya yi daidai da nasa, ta tambaye shi ko shi ke ban ruwan albasar babansa, ya ce shi ne, tun asuba yake cikin ruwa. Ta ja fatar idonsa ƙasa ta ce in zo in gani. Fari fat, kamar takarda.

"Malam, wanga yaro ba lalaci gare shi ba. Jini na babu. Tsutsa ta cikin ruwan kwance ka shiga jikinsu. Bulala nawa ka ba shi?"

Nuhu ne ya amsa, da murya ƙasa-ƙasa, "Jiya shida."

"To, ga magani. Mu gani tsakanin nawa da na hedimasta wane za shi tashe ka."

An ba su magani, ta sake dawowa ta duba su. Kafin ƙarshen zango Nuhu yana cikin masu rige-rigen ɗaga hannu a aji. Yanzu yana da rumfar albasa a kasuwar Goronyo, in ya gan ni har ƙasa yake durƙusawa, ni kuwa kunyarsa nake ji.

Shekara da shekaru ina tsaye gaban yara, ina ganin su kullum, ban taɓa duba su ba. Rubutunsu nake dubawa. Ke kada ki zauna jiran a kawo miki marar lafiya. Yaron da aka kawo asibiti, wani ya riga ya lura da shi. Wanda ke gyangyaɗi a aji, da wanda ke bayan uwarsa a rumfar nono ranar kasuwa gashinsa ya yi ja, su ba wanda ya lura. Kuma in mutane suka ce miki abu kaza ba ciwo ba ne, kowa yana yi, to nan ne ya kamata ki tsaya ki duba da kyau.

Ranar nan, da za su tafi, Dije ta same ni a baranda ni kaɗai. Ta ce, "Na gane ka tun da na sauka. Kai na mai dogonyaro."

Na ce ni ne.

"Da ban gan ku jibin ba, na bi sawu har gidan. Na iske tabarmi a ƙofa. Na daɗe ina tunanin yaron ga. Kuskurena na. Na ba da takarda ga mai karatu, ban tambayi wa ka riƙe cokali ba. Da na bi ku na zauna da tsohuwa, na dama ruwan gabanta, na sha ta gani. Tun ranan ban sake sallamar yaro ba sai na san hannun da ka ba shi abinci."

Ki dubi wannan, Auta. Ni da na yi laifin ina yawo da farar riga, ita da ta yi aikinta ita ta ɗauki nauyin, ta gyara yadda take aiki. Ki riƙe maganarta kamar daga bakina ta fito: ki san hannun da ke ba yaro abinci. Sau da yawa ba uwar da ke gabanki ba ce, kaka ce a gida. Ki je wurinta. Ki cire takalmi, ki gaishe ta da kyau, ki tambayi ciwon ƙafarta kafin ki kawo zancen jikanta. Kada ki ce mata abin da ta sani ƙarya ne, ta reni 'ya'ya kafin a haife ki. Ki ce mata kin zo neman taimakonta. Tsohuwar da aka girmama, ita za ta tsare miki cokalin nan fiye da kowa.

Kafin ta shiga mota ta juyo ta ce, "Har yau ba ka gaya min sunanai ba." Na buɗe baki, sai wani malami ya fito daga aji. Na ce, "Allah ya kiyaye hanya." Ta kaɗa kai ta tafi.

Haɗuwarmu ta uku a kanki ne. Kina da shekara biyu da 'yan watanni, da damina, masassara ta kama ki. A lokacin na yi ritaya, ina ganin kaina mutum mai ilimi wanda ya koyi darasi. Ban tsaya gindin itace ba wannan karon, wani kuskuren na yi. Na je kemis na sayo ƙwayoyi na manya, na karanta Turancin da ke jikin kwalin, na riƙa ɓallarawa ina ba ki yadda na ga ya dace. Mahaifiyarki ta ce, "Malam, a kai ta asibiti." Na ce mata, "Abin da za su karanta shi na karanta." Kwana uku muna haka. A na huɗu da safe kika sandare a hannunta, idanu suka juye, jiki yana karkarwa. Ban san yadda na kai bakin titi ba.

A ɗakin yara na babban asibiti, wadda ke shugabantar masu jinya Dije ce, da furfura a gefen ɗankwali, saura kaɗan ta aje aiki. Ba ta yi mini magana ba sai da aka sa miki ruwa, aka yi allura, likita ya duba ki, jikinki ya lafa. Sannan ta ce in kawo abin da na ba ki. Na fito da kwalin. Ta juya shi, ta dube ni ta saman tabarau.

"Wancan karon an rubuta ma, ba ka yi ba. Wanga karon ba a rubuta ma ba, ka yi. Malam, yaushe za mu daidaita da kai?"

Ba ta ɗaga murya ba, ba wanda ya ji sai ni. Na gode mata da wannan har yau.

Bayan kwana biyu kika buɗe ido kika nemi abinci. Nan take na ce a sallame mu, sauran maganin ma ƙarasa a gida. Dije ta ce ba inda za ki sai an gama allurai. Ta aiki mahaifiyarki ta je ta yi wanka ta huta, don kwana biyu ba ta runtsa ba. Sannan ta jawo kujera gefen gadonki, ta ɗauko kofin kunu da cokali, ta danƙa mini.

Ɗakin cike yake da mata, kowace da nata ɗan. Na tsaya da kofi a hannu kamar an ba ni garwashi.

Wata tsohuwa daga gadon ƙarshe ta ce, "Yau ga abin kallo! A ba malam zane shi goya ta gaba ɗaya."

Wata ta ce, "Hura mata, Malam, da zahi! Ko boko bai koya muku hura kunu ba?"

Dije ta ce, "Ku bar shi. Aji ɗaya ya shiga yau, ya makara da shekara talatin."

Na zauna. Na hura. Cokalin farko rabi ya zube a rigata, ɗakin ya ɗauki shewa. Na biyu kika haɗiye, kika kama ɗan yatsana da hannunki mai allura, kika ƙi saki. Ban iya ganin cokali na uku sosai ba. Ke ce ɗa na farko da na taɓa ba abinci da hannuna, ina da furfura.

Abin da zan ce miki a nan gajere ne. Mai ɗan karatu irina ya fi wanda bai yi ba wahalar sha'ani, don yana zaton ya sani. Za ki gamu da su, yanzu ma da waya kowa likita ne. Ki tambaye su abin da suka ba yaro kafin su zo, ki tambaya ta yadda ba za su ji tsoron faɗin gaskiya ba. Ke ma ki tsare kanki daga ciwona. Abin da ya fi ƙarfin ɗakinki, ki tura shi gaba da wuri, da rana tsaka, kada ki riƙe yaro don a ce kin iya. Kuma wata rana yaro zai rasu a hannunki bayan kin yi duk abin da kika sani. Ki yi kuka in kukan ya zo, ki yi alwala, ki duba ko akwai abin da za ki gyara kamar yadda Dije ta yi, ki kira na gaba.

Dije ta rasu da daɗewa. Na je gaisuwa, na zauna cikin mutane, ba wanda ya san abin da ke tsakanina da ita. Ranar da kika ce mini karatun jinya kike so, kin ga na tashi na shiga ɗaki, kika zaci ban yarda ba. Ba haka ba ne.

Saura kuskure na ƙarshe, shi kuma bai kai mako ba. Da na ji kin ce ba za ki je ba, daɗi na ji. Na kwanta ina murna kamar yaron da aka ce gobe ba makaranta. Tun rasuwar mahaifiyarki gidan nan ya yi mini faɗi. Yayyenki suna can inda abinci ya kai su, suna kira, Allah ya yi musu albarka, amma waya ba ta motsi a tsakar gida. Abokan zamana na ƙofar masallaci saura biyu, ɗaya ba ya gane ni. Dawowarki daga makaranta ita ta mai da mini ƙarar tsintsiya da ƙamshin girki. Kwana biyu ina jin maganarki a raina, ina shiru, ina cewa ai ba ni na hana ta ba, ita ta zaɓa. Jiya ina zaune bayan la'asar na gane wannan shirun. Na san shi. Shi ne na ƙofar ɗakin Inna. An sake ba ni abu a hannu, ina shirin sake ninke shi in sa aljihu.

A ƙauyen da aka tura ki akwai wata uwa da ɗanta zai fara zawo makon gobe. Akwai kaka da za ta ce kada a ba shi ruwa, akwai uba a gindin itace. Ban san su ba, amma na san ba su da Dije. In kin zauna kina auna jinin tsoho ɗaya safe da yamma, ɗakin can yana rufe, ko kuma yana hannun wanda aiki ya yi wa yawa. Ni na ci rabona na jinya, har na ci na wani.

Na san abin da za ki ce, har muryarki nake ji: "Baba, wa za shi ba ka magani kan lokaci? Wa za shi hana ka gishiri?" Na riga na yi magana da Goggonki Asabe. Ta ce zaman Rabah ya ishe ta tun da 'ya'yanta suka watse, ranar Asabar za ta zo da kayanta ta zauna a ɗakin mahaifiyarki. Ta ce in gaya miki ta fi ki iya faɗa, kuma gaskiyarta ne. Ki rubuta mata lokutan magani, ki nuna mata da hannu, ki sa ta yi a gabanki, ita ce mai riƙe cokali yanzu. Awon jini kuwa zan riƙa zuwa asibitin garin nan. Wadda za ta auna ni, ita ma ɗiyar wani ce da ya haƙura ya sake ta.

Ba zan ce miki ba zan ji kewa ba. Zan ji. Ba kuma zan yi miki alkawarin za ki same ni duk lokacin da kika zo ba, wannan ba a hannuna yake ba. In Allah ya sa labari ya same ki kina can kina duba ɗan wani, kada ki ce da na sani. Ki gama da yaron tukuna, sannan ki taho. Na yafe miki wannan tun yau, kuma a wurin da nake so labarin ya same ki ke nan.

A cikin takardar nan za ki ga wani tsohon kati, ya yi ja, ninkin ya kusa raba shi biyu. Ki buɗe a hankali. Yana ƙasan akwatina tun kafin a haifi yayyenki, mahaifiyarki ma ba ta san da shi ba. Rubutun baya na Dije ne. Ki juya gaba. Yau da safe, bayan kin fita sayen kayan miya, na cika gurbin da ta bar mini. Na kuma faɗe shi da baki, ni kaɗai a ɗaki, sau uku, don in ji yadda yake fita.

Sunansa Mu'azu. Ɗana ne. Yana da shekara biyu ba wata ɗaya.

Ki tafi da katin, ki aje inda kike aje kayan aikinki. Duk yaron da aka kawo miki, ki tambayi sunansa, ki kira shi da shi.

Motar Goronyo tana tashi da hantsi ranar Lahadi. Ki shirya kayanki, kada ki manta gidan sauro. Ba sai kin zo mun yi doguwar magana ba, in na ga akwatinki a zaure na samu amsa.

Allah ya kai ki lafiya, ya saukar da ke cikin mutanen kirki. Allah ya tsare mutuncinki da imaninki, ya kare ki daga cutar da kike jinya, ya sa sauƙi ya riƙa biyo hannunki. Allah ya jiƙan mahaifiyarki, da Inna, da Dije, da Mu'azu, ya yafe mini. Na yarda da ke duniya da lahira.

Wassalam.

Babanki.